Babi na Bakwai: George McGovern, Sanatan da Ya Shigar da Kwanon Yara Cikin Doka

A daren 7 ga Nuwamba, 1972, George McGovern ya sha irin kayen da ba kasafai ake gani ba a zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Cikin jihohi 50, ɗaya tak ce ta ba shi, wato Massachusetts, sai kuma birnin Washington. Hatta mahaifarsa, Dakota ta Kudu, Richard Nixon ta bi. Bayan shekara takwas jihar ta sake juya masa baya, ta karɓe kujerar sanatan da ya riƙe tun 1963. Yawancin Amurkawa da wannan faɗuwa suke tuna shi, domin siyasa ta saba auna mutum da ƙuri'a. Amma duk inda ka ga buhun hatsi ko galan ɗin man girki mai tambarin Shirin Samar da Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, ko a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ne, ko a Diffa, ko a gabashin Chadi, akwai hannun mutumin nan a ciki, ko da mai karɓa bai taɓa jin sunansa ba. Hujjar wannan babi ta rataya ne a kan wannan rashin sanin sunan. Mafi girman aikin jinƙai da ɗan majalisa zai iya yi shi ne wanda zai ci gaba da ciyar da mutane bayan shi ya bar kujera, bayan ma ya bar duniya, kuma hanyar da aka fi tabbatar da hakan ita ce a shigar da tausayi cikin doka, a buɗe masa gurbi a kasafin kuɗi, a samar masa masu kare shi.

Wannan magana tana buƙatar kariya, domin abin da muka saba gani daban ne. A wurare da yawa, ciki har da namu, idan aka ce ɗan majalisa ko tsohon ɗan majalisa mai jinƙai ne, abin da ake nufi shi ne yana da gidauniya mai sunansa, yana rabon shinkafa da sukari da azumi, yana biya wa marayu kuɗin jarrabawa, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da jama'a. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Wanda ya kwana da yunwa ya san darajar mudu guda. Sai dai kowane attajiri yana iya yin haka, kuma ranar da aljihun ya bushe ko mai shi ya rasu, rabon ya tsaya ke nan. Abin da ɗan majalisa ya mallaka wanda attajiri ba shi da shi shi ne ikon mayar da kyauta ta zama haƙƙi. Musulmi sun san bambancin da ke tsakanin sadakar da ake ci yau ta ƙare da sadaka mai gudana, tsakanin wanda ya shayar da kai moɗa guda da wanda ya haƙa rijiya a unguwa. Rayuwar McGovern, wanda ɗan limamin cocin Methodist ne, misali ce ta mai haƙa rijiya, tare da duk laka da gurɓacewar da ke biyo bayan irin wannan aiki.

An haife shi a 1922 a wani ƙauye mai suna Avon, ya tashi a garin Mitchell a shekarun da fari da guguwar ƙura da fara suka haɗu da karyewar tattalin arziki suka durƙusar da manoman yankin. A can ya fara ganin abin da ya riƙe masa tunani har tsufa: manomi na iya talaucewa saboda amfani ya yi yawa farashi ya faɗi, alhali wani yana can yana kwana ba abinci. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya zama matuƙin jirgin sama mai jefa bama-bamai, ya tashi sau 35 daga sansaninsu da ke kudancin Italiya. Ya sha ba da labarin ranar da jirgin ruwansu ya shiga tashar Naples, yara suka yi cincirindo a bakin gaɓa suna roƙon alewa, kyaftin ya yi shela a lasifika cewa kada wanda ya jefa musu komai, domin a baya yara sun faɗa ruwa wajen wawa sun nutse. Sojan da ke riƙe da alewa a hannu yana da niyya mai kyau, amma niyyar tasa tana iya kashe yaro. Duk wanda ya taɓa ganin turereniya a wurin rabon tallafi ya san wannan ba tatsuniyar Turai ba ce.

Bayan yaƙi ya yi digirin digirgir a tarihi, ya koyar, ya shiga Majalisar Wakilai a 1957. A 1961 Shugaba John Kennedy ya naɗa shi darektan shirin da ake kira Abinci Don Zaman Lafiya. Shirin ya samo asali ne daga wata doka ta 1954 da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu, kuma ba a ɓoye dalilinta ba: rumbunan gwamnati sun cika sun batse da alkama da masara da garin madara da aka saye don tallafa wa farashi, ajiyarsu kuma tana cin kuɗi, sai a tura su ƙetare. McGovern ya tarar da shirin zubar da rara, ya yi ƙoƙarin mayar da shi shirin ciyar da ɗalibai da biyan leburori lada da abinci. Amma babban abin da ya yi a wata goma sha takwas da ya riƙe ofishin ya faru ne a birnin Rum a watan Afrilun 1961, a wani taron Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya. A can ya kawo shawarar a kafa asusun haɗin gwiwar ƙasashe na dala miliyan 100, a gwada shi shekara uku, Amurka za ta ba da kayan abinci na dala miliyan 40. Kafin shekarar ta ƙare an amince, aka haifi WFP. Aikinta na farko na gaggawa shi ne girgizar ƙasar Iran ta 1962. A 1963 ta tallafa wa Nubiyawan Wadi Halfa na Sudan da madatsar ruwan Aswan ta tasa, a shekarar kuma ta fara ciyar da 'yan makaranta a Togo. A 1965 aka cire mata wa'adin gwaji. Abin lura a nan shi ne McGovern ya ɗauki wani yanki na ikon da ke hannun ofishinsa da ƙasarsa ya miƙa wa hukumar da ba za ta taɓa ɗaukar sunansa ba. 'Yan siyasa kaɗan ne ke yarda su yi haka.

Inda aka fi ganin bambancin ɗan majalisa da mai kyauta shi ne a cikin gida. A ƙarshen shekarun 1960 Amurkawa suka farga cewa a ƙasar da ta rasa inda za ta zuba hatsi akwai yara masu kumburin ciki, musamman a jihohin kudu. Wani shirin talabijin na tashar CBS a 1968 ya nuna abin ƙuru-ƙuru. A wannan shekara Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti na musamman kan abinci mai gina jiki da buƙatun ɗan'adam, McGovern ya shugabance shi har 1977. Kwamitin bai tsaya a Washington ba. A 1969 sanatocin sun je Immokalee a jihar Florida, suka shiga bukkokin leburorin da ke tsinke tumatir da kayan lambu, suka ga abin da ke cikin tukwanensu. Daga irin wannan zagaye aka gano wani aibi da ba ya bayyana a takarda. A lokacin akwai shirin tikitin abinci, amma sai iyali sun fara biyan wani kaso da tsabar kuɗi a dunƙule kafin a ba su tikitin da ya fi kuɗinsu daraja. Ka ɗauki matar da ke wanki da guga ana biyanta kullum-kullum. Kuɗin da take samu yana tafiya a ranar, haya na jira, magani na jira. Ta ina za ta tara na wata guda ta kai ofis? Sakamakon haka, wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi kowa nisa da tallafin da aka ce don shi aka yi. Dokar 1977 ta soke wannan sharaɗi, kuma da ta fara aiki a 1979 miliyoyin mutane suka shiga. Shirin, wanda yanzu da kati ake amfani a madadin tikiti, yana taimakon sama da mutum miliyan 40 a 'yan shekarun nan. Babu gidauniyar mutum ɗaya, komai arzikinsa, da za ta iya yin abin da goge wannan sharaɗi guda ya yi.

Bai yi wannan shi kaɗai ba, kuma wanda ya haɗa kai da shi ya cancanci a tsaya a kansa. Bob Dole sanata ne daga Kansas, ɗan jam'iyyar Republican, wanda ya shugabanci jam'iyyarsa a lokacin zaɓen 1972, wato aikinsa a lokacin shi ne ragargazar McGovern, kuma ya yi shi da kaifin harshe. Shi ma a Italiya ya yi yaƙi, a can aka harbe shi a 1945 har hannunsa na dama ya nakasa. Mutanen biyu sun sha bamban a kan yaƙin Vietnam da kusan komai, amma dukansu 'ya'yan ƙasar alkama ne. Suka gane cewa ɗan majalisar birni yana son a ciyar da talakawan mazaɓarsa, ɗan majalisar karkara yana son a sayi amfanin manomansa, idan aka ɗinke buƙatun biyu a ƙudiri ɗaya babu ɓangaren da zai iya yar da shi ba tare da ya cuci kansa ba. Tare suka tura dokar 1977, tare suka faɗaɗa abincin makarantu da tallafin mata masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara. Wasu na ganin irin wannan ciniki a matsayin zubar da aƙida. Ni ina ganin shi ne ainihin sana'ar majalisa, kuma shi ne dalilin da ya sa shirye-shiryen suka tsallake gwamnatoci da yawa da ba sa ƙaunarsu.

Bayan 1981 McGovern ya yi koyarwa, ya yi rubutu, ya buɗe wani masauki a Connecticut wanda ya karye cikin 'yan shekaru. A 1998, yana da shekara 75, Shugaba Bill Clinton ya tura shi Rum jakada a hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya koma wurin abin da ya dasa shekara 37 da suka wuce. Daga can ya fito da shawararsa ta ƙarshe: kowane yaro ɗan makaranta a duniya ya sami abinci sau ɗaya a rana. Lissafin mai sauƙi ne. Uban da ke shakkar sakin 'yarsa daga talla ko ɗibar ruwa yana iya sauya ra'ayi idan ya san za ta ci ta ƙoshi a makaranta, balle idan a ƙarshen wata za ta dawo gida da galan ɗin mai saboda ba ta yi fashi ba. Yarinyar da ta daɗe a aji kuwa takan jinkirta aure, 'ya'yanta sukan fi lafiya. Ya kira tsohon abokin hamayyarsa Dole, wanda shi ma ya bar majalisa a 1996, suka shiga zagayen ofisoshin tsofaffin abokan aikinsu. A 2000 Clinton ya ware dala miliyan 300 don gwaji, a 2002 majalisa ta sa shirin cikin dokar noma da sunan mutanen biyu, Shugaba George Bush ɗan Republican ya sa hannu. A nan ne tsohon ɗan majalisa yake da jarin da ba a saye da kuɗi: ya san wane kwamiti ne ke riƙe da lalitar, ya san wanda za a fara gani da wanda za a bari sai ƙarshe, kuma tunda ba ya neman kujerar kowa, ana buɗe masa ƙofa. An ba su biyun Kyautar Abinci ta Duniya a 2008. McGovern ya rasu a watan Oktoban 2012 yana da shekara 90, shekara takwas kafin WFP ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Yanzu sai suka, kuma sukar tana da nauyi. Ta farko tana cewa duk wannan ba jinƙai ba ne, kasuwanci ne ya sa rawani. Ruwa ba ya tsami banza: an tsara taimakon abincin Amurka ne don a sayi hatsin manoman Amurka, doka kuma ta ce aƙalla rabinsa jiragen ruwa masu tutar Amurka ne za su yi dakonsa, abin da ke ƙara tsada da ɓata lokaci. Mafi muni, idan alkama ko shinkafar kyauta ta sauka a kasuwa daidai lokacin kaka, manomin gida ne ke kwana ciki. A 2007 ƙungiyar agaji ta CARE ta bayyana cewa za ta daina karɓar hatsin Amurka tana sayarwa a kasuwannin ƙasashe matalauta don samun kuɗin ayyukanta, ta haƙura da kimanin dala miliyan 45 a shekara, saboda ta ga cutarwar. Masanin tattalin arziki Amartya Sen kuma ya nuna tun 1981 cewa sau da yawa yunwa ba ta rashin abinci a ƙasa ba ce, ta rashin ikon saye ce. Mutanen Maraɗi sun ga haka a 2005, lokacin da gero ke jibge a kasuwa yara na ramewa a ƙauyuka. Duk wannan gaskiya ne, kuma McGovern bai taɓa musun cewa yana duba maslahar manoman Dakota ba. Amsar da za a bayar ita ce a tambaya: ba don wannan maslaha ba, shirin Abinci Don Zaman Lafiya zai kai shekara 70? Tausayi zalla yana tashi ne idan hoton yaro mai tamowa ya fito a talabijin, ya kwanta bayan mako biyu. Abin da ke dawo da kuɗi kowace shekara shi ne samun masu cin moriya a cikin gida da za su yi ihu idan an taɓa shi. Kuma abin da aka kafa da doka ana iya gyara shi da doka. WFP ta yau tana sayen hatsi mai yawa daga ƙasashe masu tasowa, tana kuma raba kuɗi a hannu inda kasuwa ke ci, dokar noma ta 2018 ta ba shirin McGovern da Dole damar kashe har kashi 10 cikin 100 wajen sayen abinci a ƙasashen da ake ciyarwa ko maƙwabtansu. Kashi 10 ya yi kaɗan, ya kamata a ce ya ninka haka nesa.

Suka ta biyu ta fi ɗaci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Amurka ta sha karɓar askin. Lokacin farin Indiya na 1965 zuwa 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya riƙa sakin alkama kaɗan-kaɗan don matsa wa gwamnatin ƙasar lamba. A 1974, Bangladesh na cikin yunwa, aka jinkirta mata abinci saboda ta sayar wa Kyuba buhunan algarara. Babu kalmar da za ta wanke wannan. Amma idan aka duba da kyau, wannan hujja ce da ke goyon bayan abin da McGovern ya yi a Rum a 1961. Abincin da ke fitowa daga hannun ƙasa ɗaya kai tsaye yana iya zama bulala a kowane lokaci. Wanda ya bi ta asusun ƙasashe da yawa, da hukumar gudanarwa da masu karɓa ke da kujera a ciki, ya fi wuyar murɗewa, ko da yake mai ba da kaso mafi tsoka har yanzu muryarsa ta fi ƙarfi.

Akwai kuma masu cewa kwanon makaranta yana zuwa a makare, kuma yana tsallake waɗanda suka fi buƙata. Likitoci sun tabbatar cewa tsumburewar yaro tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kafin ya san hanyar aji. Sannan yaron da ba ya makarantar gwamnati, kamar almajiri ko ɗan makiyayi, ba ya cikin lissafi sam. Wannan gyara ne da ya kamata a karɓa: ciyar da ɗalibai maganin yunwar cikin aji ne da fashin makaranta, bai isa ya maye gurbin kula da mai ciki da jariri ba, shi ya sa ma dokar 2002 ta haɗa da su. Ƙasashen da suka fi cin ribar tunanin su ne waɗanda suka mayar da shi nasu. A Indiya Kotun Ƙoli ce ta ba da umarni a 2001 a riƙa dafa wa ɗaliban firamare abinci, dokar 2013 ta mayar da shi haƙƙi. A Brazil dokar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke bayarwa don abincin makarantu wajen saye daga ƙananan manoma, sai ga manomi ya zama mai gadin kwanon ɗalibi. Najeriya ta fara nata shirin na ƙasa a 2016, da mata masu dafawa daga cikin unguwanni, amma ya yi ta tafiya yana tsayawa, domin bai sami irin waɗannan masu tsaya masa ba, a majalisa ko a gona.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda shekarar 2025 ta kawo. A cikin 'yan watanni gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID, wadda ke tafiyar da shirin Abinci Don Zaman Lafiya, kayan abinci suka maƙale a rumbuna, WFP ta yi ta gargaɗin cewa kuɗinta na ƙarewa a wurare da dama har da arewa maso gabashin Najeriya. Mai suka zai ce, to ina dawwamar da ake yabon doka da ita? Tambayar tana kan hanya, kuma ta tona asirin wani rauni da McGovern bai magance ba: yaron Borno ko na Darfur ba ya jefa ƙuri'a a Amurka, don haka haƙƙinsa a dokar wata ƙasa aro ne, mai riga kuwa yana iya karɓar abarsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa majalisun ƙasashenmu su daina jingina cikin yaransu da kasafin wasu. Duk da haka, a duba abin da ya biyo baya. Gidauniyar mutum ɗaya idan ta mutu, shiru ake yi, babu wanda ke da hurumin tambaya. A nan kuwa an garzaya kotuna, ƙungiyoyin manoman alkama da dawa sun tashi, kuma tun a watan Fabrairun 2025 wasu 'yan majalisa na jam'iyyar shugaban da kansa suka gabatar da ƙudirin a ceci shirin ta hanyar mayar da shi ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. A sahun gaba akwai Sanata Jerry Moran da ɗan Majalisar Wakilai Tracey Mann, dukansu daga Kansas, jihar da Eisenhower ya tashi, jihar da Bob Dole ya wakilta a Majalisar Dattawa shekara 27.